KARATUN MAGIDANTA: LITTAFIN WA MU KE ƊAUKA, NA WA MU KE BARI?

 A wannan mako muna so mu tattauna da 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata a kan wani al'amari wanda ba kasafai a kan yi masa duban tsanaki ba, watau karatun manya. Ba karatun yaron da a ke korawa makaranta da bulala mu ke nufi ba, ba kuma na ɗalibin da jarrabawa ta ƙure shi ba. Muna nufin karatun magidanci wanda ya mallaki hankalinsa da aljihunsa, ya ɗauki littafi don ganin damarsa bayan ya rufe rumfa ko ya taso daga ofis. Irin wannan karatu shi ke nuna abin da mutum ya ɗauka da daraja, tun da ya ke babu mai tilasta shi.

Tambayoyi uku za mu bi. Waɗanne littattafai ne manyanmu ke karantawa? Mutanen waɗanne ƙasashe ne suka wallafa su? Maza ne ko mata? Wani zai ce ina ruwan mai karatu da wannan. To, da ruwansa, domin wanda ka ke karantawa shi ka ba aron kunnenka, wanda kuwa ka ƙi karantawa ka yanke masa hukunci ba ka ji ta bakinsa ba.

GAFAKAR MALAMIN ZAURE

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure, bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da lisha, ya san jerin littattafan da a ke bi. Daga Ƙawa'idi sai Ahalari, sai Ishimawi, sai Iziyya, sai Risala, sai Askari, har mai naci ya kai ga Muhtasar, Lauwali da Sani. Mun saba da sunayen nan har mun ɗauke su tamkar 'yan gida, alhali kuwa baƙi ne. Mai Ahalari, Abdurrahman al-Ahdari, mutumin Aljeriya ne, ya rayu a ƙarni na 16. Ishimawi da Iziyya daga Masar suka fito. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan ne ta ƙasar Tunisiya, ya rasu a shekarar 996. Mai Askari ɗan Bagadaza ne. Shaihu Halilu mai Muhtasar Bamisire ne na ƙarni na 14.

Haka abin ya ke a sauran fannoni. Ashafa da a ke karantawa a masallatanmu cikin watan azumi, na Alƙali Iyal ne, haifaffen Sabta, wanda ya rasu a Marrakish a 1149. Ishiriniya da a ke rerawa a watan Maulidi ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, ya rasu a 1230. Dala'ilu na Shaihu Jazuli ne na Maroko, ya rasu a 1465. Ajuruma ta wani malamin Fas ce, Alfiyya ta Ibn Malik ce wanda aka haifa a Andalus ya rasu a Dimashƙa. Jalalaini na malamai biyu ne na Masar, Mahalli da almajirinsa Suyuɗi. Kai, ko manyan littattafan hadisi shida, babu ko ɗaya daga cikin masu su da aka haifa a Makka ko Madina. Buhari mutumin Buhara ne, Tirmizi na Tirmiz, duka biyu a ƙasar da a ke kira Uzbekistan yanzu. Muslim na Naisabur ne, Ibn Majah na Ƙazwin, duka a Iran. Abu Dawuda na Sijistan ne, Nasa'i kuwa na garin Nasa.

Me ya sa littattafan Magrib da Masar suka fi yawa a gafakar malamanmu? Dalili biyu ne, mazhaba da hanya. Mazhabar Malikiyya ta arewacin Afirka ta iso mu, hanyar fatauci da ta aikin haji kuma ta can suka bi. Littafin Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, sa'an nan a zamanin Yakubu, a ƙarni na 15, Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na lugga, suka ƙara a kan na fiƙihu da hadisi da aka riga aka sani. A zamanin Muhammadu Rumfa Shaihu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano ya rubuta wa sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Suyuɗi ma ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Ya kamata 'yan kasuwa su riƙe wannan, cewa raƙuman fatake ne suka ɗauko littattafan nan tare da gishiri da alharini. Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ba da labari a ƙarni na 16 cewa a Tambutu cinikin littattafai ya fi na sauran haja riba.

Abin lura a nan shi ne magabatanmu ba su tambayi ƙasar mawallafi ba kafin su karɓi littafinsa. Abin da suka tambaya shi ne wa ya karantar da shi, a hannun wa kuma littafin ya biyo har ya iso gare su.

DA HANYA TA SAKE

Daga shekarun 1960 hanya ta sake. Aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, ɗalibanmu suka tafi can da Azhar, jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i, alhazai suka riƙa dawowa da bugun Bairut da na Riyad cikin kayan tsaraba. Sai wasu littattafai suka shigo aljihun magidanta. Hisnul Muslim na Sa'id al-Ƙahɗani mutumin Saudiyya ne. Minhajul Muslim na Abubakar al-Jaza'iri ne, haifaffen Aljeriya mazaunin Madina. Rahiƙul Mahtum, tarihin Annabi mai tsira da aminci, wanda ya zo na ɗaya a gasar da Rabiɗa ta shirya a ƙarshen shekarun 1970, na wani malamin Indiya ne, Safiyurrahman Mubarakfuri. 'Yan Tijjaniyya suka riƙe diwanin Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta ƙasar Sanigal, wanda ya rasu a 1975. Bayan juyin mulkin Iran na 1979 kuma ƙasidu suka shigo daga can.

Yawan littattafai alheri ne. Amma wata ɗabi'a ta biyo bayansa wadda magabata ba su san ta ba, watau ƙasar mawallafi ta zama tuta. Sai ka ga mutum ya juya bangon littafi, da ya ga garin da aka buga shi ya gama yanke shawara, ko ya rungume shi duka ko ya jefar da shi duka, bai karanta ko shafi ɗaya ba. Da malaman Katsina da Kano da Gazargamu na dā haka suka yi, da Buhari bai ƙetare Sahara ba.

NAMU NA GIDA

Abin takaici shi ne wanda wannan ɗabi'a ta fi cuta, na gida ne. An ce ido ba ya ganin abin da ke kusa da shi ƙwarai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya bar littattafai fiye da ɗari, ƙanensa Abdullahin Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello su ma kowa ya bar tarin nasa. Sunayensu na bakin kowa, an sa wa jami'a da tituna, amma magidanta nawa ne suka sauke ko ɗaya daga cikin littattafan?

Alhali kuwa da mu su ke magana. Liya'ul Hukkami, wanda Abdullahi ya rubuta a Kano bisa roƙon mutanenta, bayani ne a kan yadda a ke riƙe al'amarin jama'a. Usulus Siyasa Bello ya rubuta shi ne don Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa ɗabi'un azzaluman masu mulki, har da karɓar gaisuwa kafin a biya wa talaka bukata da ɗora wa 'yan kasuwa haraji ba bisa ƙa'ida ba. Ma'aikacin da takardun jama'a ke bi ta teburinsa, in ya karanta wannan, zai ga kamar jiya aka rubuta.

Mutanen waje kuwa sun san darajar namu. Muhammadu al-Kashinawi, Bafillacen Katsina masanin lissafi, ya koyar a Alƙahira har ya rasu can a 1741. An buga tafsirin Abdullahi, Liya'ut Tawili, a Alƙahira a 1961. As'halul Madariki, sharhin Askari wanda ɗaliban Malikiyya ke karantawa a ƙasashen Larabawa, na Shaihu Abubakar ɗan Hasan ne, Bakatsine. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara ma'anonin Alƙur'ani da Hausa, ya sami lambar Sarki Faisal a 1987. Ashe rainin na gida ne.

KARATUN MA'AIKATA

Ta ɓangaren boko, tushen karatun nishaɗi shi ne gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Magana Jari Ce ta biyo baya, aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sa'an nan zamanin Yaƙi da Jahilci da hukumar NORLA a shekarun 1950 ya sa manya da yawa suka iya karatun boko da furfurarsu. Ibada da Hukunci na Haliru Binji da Waƙoƙin Infiraji na Aliyu Namangi suka shiga gidaje.

Ko a nan ma ba a tsargi baƙo ba. Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da labaran Indiya, ya yi musu riga da hula irin tamu har ba a gane baƙi ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne.

Akawun da ya yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 kuwa, ya kan sa littafin James Hadley Chase, Baturen Ingila, cikin aljihun tebur, 'yan mata kuma su riƙe na Mills & Boon. Daga 1977 kamfanin Macmillan ya fito da jerin Pacesetters, waɗanda 'yan Afirka suka rubuta, cikinsu har da Mohammed Sule na Kano. Amma galibi wannan karatu ya kan tsaya ne da an yi aure iyali sun taru. Daga nan sai jarida, sai takardun ofis, sai littafin shirin jarrabawar ƙarin girma. Ɗan kasuwa ya riƙe zaure ya bar hikaya, ma'aikaci ya bar duka biyu.

DA ALƘALAMI YA KOMA HANNUN MATA

Mai karatu zai lura cewa duk sunayen da muka jero tun daga farko, babu mace ko ɗaya. Daga gasar 1933 sai da aka yi shekara fiye da 45 kafin a buga littafin hikaya na Hausa wanda mace ta rubuta, watau So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya fitar a 1980. A 1984 Zaynab Alkali ta fitar da The Stillborn da Turanci.

Sai kuma ruwa ya ɓalle. Tattalin arziki ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u, suna kaiwa kasuwa da kansu. Wannan shi ne abin da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, ko littattafan soyayya. Maza sun taka rawa a ciki, kamar Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, amma sannu a hankali mata suka rinjayi fagen, a rubutu da karatu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa. Matan aure a cikin gidaje suka zama su ne manyan masu saye da haya, wadda ba ta iya karatu ba kuma ta saurara a rediyo. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata domin mata zalla.

Ga fa inda gizo ke saƙar. Magidanta da yawa sun yi wa littattafan nan kuɗin goro, sun ce shirme ne mai ɓata tarbiyya, har a 2007 hukumomin Jihar Kano suka ƙona wasu a bainar jama'a. Gaskiya ne a cikinsu akwai na banza, masu batsa da masu koya wa yarinya mafarkin dukiyar da ba ta da tushe, kuma uba yana da hakkin ya san abin da ke shiga gidansa. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wanda ya fito a 1990, labarin wani ɗan kasuwa ne da ya bar matarsa da 'ya'ya tara cikin yunwa yana hidimar wata a waje, daga baya ya kore ta, ta riƙe yaran da sayar da abinci. Wa Zai Auri Jahila? labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Ciyarwa, da adalci tsakanin mata, da saki, da riƙon 'ya'ya, da auren dole, ai duk babobi ne na Risala da Muhtasar. Malam ya karantar da hukuncin a zaure, mace ta rubuta yadda a ke karya shi a cikin gida. An fassara littafin farko da Turanci an buga a Indiya a 2012, mutanen wata nahiya suna karantawa, maigidan da aka rubuta dominsa bai buɗe ba.

Wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba. A 2021 wata marubuciya ta Ingila, Mary Ann Sieghart, ta bayyana ƙididdigar da kamfanin Nielsen ya yi mata. A cikin masu karanta marubuta mata goma da suka fi kasuwa, maza 19 ne kacal cikin 100. Amma marubuta maza goma da suka fi kasuwa, masu karanta su 55 maza ne, 45 mata. Watau mata na karanta kowa, maza kuwa sai 'yan'uwansu maza. Tun a ƙarni na 19 wata Baturiya mai suna Mary Ann Evans ta ɓoye a bayan sunan namiji, George Eliot, don a ɗauki rubutunta da muhimmanci.

ABIN DA MAGABATA SUKA YI

In wasu suna da uzuri a kan wannan, mu ba mu da shi. An ruwaito hadisai 2,210 daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, manyan sahabbai maza kuma su kan je su tambaye ta. Karima al-Marwaziyya, wadda ta rasu a Makka a shekarar 463 ta Hijira, tana cikin amintattun da Sahihul Buhari ya biyo ta hannunsu, Haɗibul Bagadadi da kansa a gabanta ya karance shi cikin kwana 5. Imam Zahabi, masanin masu ruwaya, ya nuna bai san wata mace da aka tuhuma da ƙirƙirar hadisi ba. A 2021 aka buga aikin Muhammad Akram Nadwi, malamin Indiya mazaunin Ingila, mujalladi 43, mai ɗauke da tarihin mata kimanin 10,000 da suka yi hidimar hadisi.

A gida kuma ga Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ayyukanta kimanin 60 sun iso gare mu. Ita ta mai da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta Hausa, ta tsara tarihin jihadi a waƙe, ƙanenta Isa ya mai da shi Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajis da malfa suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Mahaifinta a Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Jean Boyd da Beverly Mack ne suka tattara ayyukanta suka buga a Amurka a 1997. A zamaninmu kuma ɗimbin ma'aikatan yau da littattafan Hajiya A'isha Lemu suka koyi darasin addini a sakandare. Baturiyar Ingila ce ta musulunta, ta zama shugabar farko ta ƙungiyar FOMWAN a 1985, ta rasu a 2019. Ga mace, ga baƙuwa, ga kuma amfani.

SHAWARA

Yau wayar hannu ta cinye lokacin da a dā a ke ba littafi. Tana da amfaninta, gama littattafan da a dā sai an yi tafiyar wata kafin a gan su yanzu suna cikinta, marubuta mata da yawa kuma ta WhatsApp da Facebook su ke sakin labaransu. Amma guntun saƙon da ba a san wanda ya rubuta shi ba, ba a san daga ina ya ɗebo ba, ba zai maye gurbin littafi mai suna da asali ba. Mutanen da suka ƙi littafi saboda garin da aka buga shi, su ne kuma ke tura saƙon da ba shi da uba.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara huɗu. Ta farko, mutum ya yanka wa kansa rabin sa'a kullum, ko bayan asuba ko bayan lisha, ya ajiye waya ya ɗauki littafi, ya bi shi daga farko har ƙarshe. Ta biyu, ya fara da abin da ya shafi sana'arsa, ɗan kasuwa ya nemi malami ya biya masa babin ciniki da riba da bashi, ma'aikaci ya nemi Liya'ul Hukkami ko Kitabul Farƙi. Ta uku, kafin shekara ta ƙare ya karanta littafi ɗaya na malamin ƙasar nan, ɗaya na wanda ba a ƙungiyarsa ya ke ba, ɗaya kuma na mace. Ya tambayi uwargida ko 'yarsa wanne ta fi so, ya karɓa ya karanta, sa'an nan ya yi hukunci da sani. In ya ga ɓarna ya hana da hujja, in ya ga kansa a ciki ya gyara. Ta huɗu, a riƙa saye, a rage aro da kwafin sata, domin marubuci da mai maɗaba'a su ma iyali gare su, kuma hakki hakki ne. Attajirin da Allah Ya hore wa ya tuna cewa kabad ɗaya na littattafai a masallacin kasuwa ko na sakatariya sadaka ce mai gudana.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa mu karɓi gaskiya daga duk wanda ta fito. Amin.